Na Yafe, Ba Wanda Ya Karɓa

Laraba, ƙarfe tara da rabi na safe

Rubuta, Kalilu. Yadda na faɗa za ka rubuta, kada ka gyara mini baki.

Ni ce Mairamu, mutuniyar Mirriya, wadda ake ce wa Inna mai tuwo a tashar kar ɗin ma'aikata nan Arlit, inda suke hawa motocin su tafi ramin haƙar ma'adini. Ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba. Wannan kaye, littafin rubutun nan, Hashimu ne ya ba ni, na ƙungiyar nan ta kare haƙƙin mutane. Ya ce duk wanda ya zo mini da maganar tukunya in sa a rubuta rana da lokaci. Wata biyu yana ƙarƙashin tabarmata ban taɓa shi ba. Yau na kawo wa Kalilu tela maƙwabcina, don shi ke da bik na rubutu, shi ke da agogo.

Shekaranjiya da hantsi jandarmomi sun tafi da Rhissa maƙeri.

Rhissa shi ya yi mini babbar tukunyata, shekara goma sha tara ke nan, shekarar da mai gidana ya rasu na fara sana'a. Daga gindin wani tanki ya yanko ta, irin ƙarafan nan da ke fitowa daga filin kamfani su ɓullo a kasuwa. Kowa ya sayi irinsu, har ƙyaure ana yi da su. Tukunya ce da ba ta taɓa ƙona mini tuwo ba.

To, wata biyu baya sai ga Hashimu da wasu baƙi, suna bin masu abinci da wani ɗan akwati mai kuka kamar gyare. A tukwanen sauran mata ya yi ƙir, ƙir, ya yi shiru. A tawa ya ƙi yin shiru. Suka sa safar hannu suka ɗauke ta, da ƙanzon jiya a gindinta. Suka ce akwai guba a jikin ƙarfen, ido ba ya ganinta, wanki ba ya fitar da ita. Hashimu ya ce ina da haƙƙi, in kai ƙarar kamfani. Na dangwala yatsa a takarda. Ya ce wa ya ƙera ta, na ce Rhissa mana, wa zai iya wannan aiki in ba shi ba.

Yabonsa na yi. Rubuta wannan da kyau, yabonsa na yi.

Alhamis, bayan la'asar

Na je jandarmari da safe a kan kabu-kabu, ina riƙe da rigar mai babur kamar zan yage ta. Na je in gaya musu na yafe.

A garinmu haka ake yi. Shanun wani su shiga gonarka, ko a fasa wa ɗanka kai, in ka tsaya gaban mutane ka ce ka yafe, magana ta mutu, ko sarki ba ya tashe ta. Ubana ya yafe wa wanda ya ƙona mana rumbu, ina yarinya ina tsaye ina gani, nan take aka kwance wa mutumin igiya.

Jandarman da na samu mutumin kirki ne. Ya ba ni benci, yana ce mini Maman. Na ce ni ce mai tukunya, na yafe, a sake shi ya tafi gida. Ya ce dosiye, wato takardun ƙarar, ta riga ta hau sama. Na ce sama ina, in je. Ya ce ba wurin da ake zuwa ba ne, ita za ta sauko. Na ce ashe ƙarar ba tawa ba ce? Ya ce da taki ce, yanzu ta hukuma ce. Na ce to in ga Rhissa. Ya ce ba yau ba.

Na sake cewa na yafe, ko zai rubuta. Bai ɗauki bik ba.

Juma'a, hantsi

Ban hura wuta ba yau ma. Ƙaramar tukunya tana nan, amma ita ma tsoronta nake.

Lahadi, bayan azahar

Hashimu ya zo ya same mu a shagon Kalilu. Ya rame cikin mako ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Inna wallahi sunan kamfani muka sa a takarda, ba na Rhissa ba. Ya ce abokan kamfanin, lauyan nan nasu, ya kawo takarda cewa babu ƙarfen da ya taɓa fita daga filinsu da izininsu. Ke nan wanda ya fita sato shi aka yi, wanda aka samu da hannu a ciki kuwa shi doka ke fara tambaya. Kuma wai akwai dokar da ta hana sayen waɗannan ƙarafa, an manna ta a bango tun da jimawa. Na ce da wane yare? Ya sunkuyar da kai.

Sai Kalilu ya tsayar da keken ɗinki. Rubuta naka ma, Ba'adare, kada ka rage, kuma kada ka ƙara wa kanka gishiri.

Ya ce, "Mi haƙƙin ɗan Adam ɗin naku ya taɓa tsinana muna, in ba kai tsoho kaso ba?"

Ya ce wannan duk zancen Nasara ne, su zuba maka guba da hannun dama su miƙo maka takardar kuka da hagu. Ya ce shekara talatin ana sa mu layi muna jefa ƙuri'a, abin da ya gani shi ne atamfa mai hoto, shi ya ma ɗinka ta. Yanzu da masu kaki suka riƙe ƙasa a bar su su gyara, ba sai an tsaya jayayya ba. Hashimu ya ce ciwon mutum ba daga Turai aka kawo shi ba, kukansa ma haka. Ya ce doka ba ta da laifi, hannun da ke riƙe da ita ne ke karkata ta. Ya ce kuma wanda ke tsare da Rhissa yau Nasara ne? Kalilu ya leƙa waje, ya ce ya rage murya.

Na bar su suka yi ta yi. Da suka gaji na ce to a cikinku wa zai buɗe masa ƙofa. Kalilu ya koma kan keke. Hashimu ya ce suna ƙoƙari.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Mina matar Rhissa ta zo. Ba ta yi sallama ba, ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi tabarma. Ta ce an mai da shi gidan kaso jiya. Ta ce tarin nan nasa ya tashi. Ta ce a can ba a barin dogon ƙyalle, sun sa ya cire rawani.

Ni shekara goma sha tara ban taɓa ganin bakin Rhissa ba. Ko shayi zai sha ta ƙarƙashin amawali yake kai kofin. Mutanen Abzin haka suke, dattijo ya buɗe fuska gaban jama'a kamar a tuɓe shi ne.

Na ce mata na je, na ce musu na yafe. Ta dube ni ta ce me ya yi mini da zan yafe. Na kawo mata ruwa, ta tashi ta tafi.

Laraba, safe

Kwana tara da tafiya da Rhissa.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Hannu ya canja. Madam Hafsatu ce ke rubutawa, wadda ta koyar a lakwal ɗin 'yan mata har ta yi ritaya. Kalilu ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Ba ɗinki ba ne. Tun ranar Lahadi yake ce mini a yage shafin nan da aka yi maganar masu kaki, na ƙi. Ban ji haushinsa ba, yana da iyali.

Madam ta karanta abin da ke baya, ta ce ita ba ta yarda da Kalilu ba. Ta ce da can, ko ba komai, akwai ƙofar da za ka je ka buga, ta wanda ka zaɓa, ya san in bai fito ba ba zai sake ganin ƙuri'arka ba. Na ce Madam, na zaɓi mutane ban san adadinsu ba, ɗaya ne ya taɓa zuwa rumfata, shi ma tuwo ya zo ci da masu ɗaukar hoto. Ta ce duk da haka. Na ce duk da haka me? Ta ce duk da haka a lokacin tela ba ya tsoron bik.

Na tambaye ta me ya sa ba a karɓar yafiya. Ta ce da gangan aka yi haka, don kada mai ƙarfi ya matsa wa marar ƙarfi ya ce ya yafe. Ta ce ta san mata da yawa da aka tsayar gaban mutane aka sa su yafe abin da ba su yafe ba. Na ce ni ba wanda ya matsa mini. Ta ce doka ba ta iya leƙa zuciya, shi ya sa ba ta tambayar zuciya. Sannan ta ce kuma tukunyar ba ke kaɗai kika ci daga cikinta ba.

Wannan kada ki rubuta.

To, rubuta. Amma mu tsaya nan yau.

Litinin, bayan la'asar

Na ce ko don ni kaɗai na je, ba shaidu, shi ya sa ba su karɓa ba. Yau na yi shi yadda ya kamata. Bayan an sallame sallar azahar na tsaya a ƙofar masallaci, ga liman, ga mai unguwa, ga maza sun fi ashirin. Na ce ku shaida, ni Mairamu na yafe wa Rhissa duniya da lahira. Liman ya yi fatiha. Madam ta rubuta da Faransanci, mai unguwa ya buga tambarinsa.

Muka kai gidan shari'a. Mai karɓar takardu ya karanta, ya ce takarda ta yi kyau, za ta shiga dosiye. Na ce yaushe zai fito. Ya ce tana iya sassautawa, amma ba ta buɗe ƙofa. Ya huda ta da wani ƙarfe ya zura ta cikin sauran.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ofis ɗin su Hashimu a kulle, kwana uku ke nan. Mai shayin wurin ya ce an kira shi ya amsa tambayoyi, wani ya ce Agadas ya tafi wurin ƙanwarsa. Ban sani ba. Wayarsa ba ta shiga.

Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Asabar, hantsi

Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya daɗe yana cin tuwona ya tsaya ya gaishe ni, ya ce Inna yaushe za a dawo, yunwa na kashe mu. Dariya yake. Na kalli wuyansa, na kalli idonsa, ina neman ban san me ba. Na ce sai Allah ya yi.

Ban hura wuta ba.

Talata, bayan azahar

An kawo takardar kira. Jibi Alhamis za a yi shari'a, ni ce shaida.

Mina ta dawo, yau ta karɓi tabarma. Ta ce an bi maƙerar Rhissa da ɗan akwatin nan lungu-lungu, bai yi kuka ba, don ya daɗe da barin irin wannan ƙarfe. Tukunya kuma ba ta da suna a jiki. Rhissa tun da aka cire masa rawani bai amsa wa kowa ba. Ke nan babu abin da ya haɗa shi da ita sai bakina. Ta ce abokan, lauyan da aka ba shi, ya gaya mata haka a ɓoye.

Ta ce, "Ke tsohuwa ce. Tsohuwa tana mantuwa. Ki ce kin manta."

Na ce to takardar da na dangwala wa yatsa fa, sunansa na ciki. Ta ce in ce Hashimu ne ya rubuta abin da ban faɗa ba, tunda ni ban iya karatu ba wa zai ƙaryata ni. Ta kama ƙafata. Matar da ta girme ni ko mun yi sa'a, ta kama ƙafata.

Na ce mata to.

Madam ta ajiye bik ta ce kin san abin da zai faɗa wa Hashimu in kika faɗi haka? Na ce rubuta dai.

Laraba, safe

Ina ta gwadawa a bakina. Na manta. Na manta, ranka ya daɗe. Ba wuya.

Alhamis, bayan la'asar

Ki ba ni ruwa tukuna.

Ɗaki ne babba, fanka na juyawa, mutane cike. Aka shigo da su su biyar. Na duba ban ga Rhissa ba, sai da wani tsoho mai farin gemu ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, sannan na gane shi. Ashe ba shi da haƙoran gaba. Haka ya tsaya har aka gama, hannu a baki, in tari ya zo ya juya wa mutane baya.

Aka yi ta Faransanci. Wani mai baƙar riga ya daɗe yana magana, tafinta yana juya mana kaɗan-kaɗan. Ya faɗi abin da gubar ke yi wa jini da ƙashi da abin da ke cikin ciki. Ban so in ji ba. Na ga Rhissa ya karkata kunne yana saurare, idonsa ya fito.

Aka kira ni. Aka ce in ɗaga hannu in rantse zan faɗi gaskiya. Na ɗaga. Madam, ni da kabari saura taku nawa? Na ji kamar an dafa mini kafaɗu biyu. Alƙali ya ce wa ya ƙera miki tukunya. Maganar Mina tana kan harshena, wallahi tana nan, na ji ta. Na buɗe baki na ce Rhissa.

Sai na ce amma na yafe. Na ce na yafe, akwai takarda, liman ya shaida. Sau uku na faɗa. Alƙalin bai jira tafinta ba, ya yi mini Hausa da kansa, a hankali, kamar yana magana da uwarsa.

Ya ce, "Inna, na ji, kuma zan duba. Amma naki kika yafe. Na waɗanda suka ci tuwon fa?"

Suka shiga ciki suka fito. Shekara ɗaya. Tafinta ya ce da ba don takardata da tsufansa ba da ta fi haka. Ba a ambaci wanda ya fito da tankin daga fili ba, ko an ambata da Faransanci ban ji ba.

Mina ta wuce ta gabana, gefen zanenta ya taɓa ni, ba ta dube ni ba.

Juma'a

Ba komai. Ki sa rana kawai.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Lahadi ce ranar ziyara. Na tsaya a layi da kwanon fura, na ce in ya ƙi fitowa shi ke nan, na cancanta. Gardi ya juya furar da cokali ya ce in wuce.

Ya fito da ɗan ƙyallen hanci a baki. Hausarsa dai ta Abzin, kowa namiji ne a bakinsa.

Ya ce, "Mai tuwo, ka tsufa cikin wata guda. Wa ya kama ka, kai ma?"

Na fashe da kuka. Ya ce in bari, gardi zai ɗauka shi ya doke ni. Na ce ka yafe mini. Ya ce da na yi ƙarya bayan rantsuwa da ba zai sake shan furata ba, ya ce ai shi ya ƙera, kuma aiki ne mai kyau, ko mai baƙar riga bai ce ta yoyo ba.

Sannan ya matso. Ya ce shi bai taɓa jin abin da ƙarfen ke yi ba sai ranar Alhamis. An ce musu dai an hana, su suka ɗauka kamfani ne ke rowar kayansa. Ya ce tankin nan babba ne, ba tawa kaɗai ya fitar daga ciki ba. Gida goma sha ɗaya. Ya ce tun ranar yake lissafa su, abinci ba ya wuce masa. Shekara ɗayar ba ta dame shi ba, in Allah ya sa ya kai. Abin da ke damunsa ya mutu a nan da nauyin mutane a wuyansa ba su ma sani ba.

Ya ce in bi su gida-gida. In gaya musu su daina girki a ciki, in roƙa masa gafara. Ya ce Mina ba za ta je ba, tana fushi da duniya. Ya faɗi sunayen a hankali, ni kuwa kowane suna ina ƙulla masa ƙulli a bakin gyalena.

Madam ta ce kowane gida cikin sha ɗayan nan sabuwar ƙara ce in mai gidan ya so, suna iya ƙara masa shekaru. Na ce ya sani, shi ya faɗa mini da bakinsa. Ta ce to sunaye ba za su shiga kayen nan ba. Na yarda.

Talata, bayan magariba

Gida uku. Ta farko dariya ta yi, ta ce me za a yafe, tukunyar ta fi mijinta amfani. Ta yafe, amma ta ce sai an ba ta wata za ta bar wannan. Ta biyu tuni ta mai da tata wurin ba awaki ruwa. Na ce madararsu fa. Sai ta yafe. Ta uku ta rasu bara, 'ya'yanta suka ce sun yafe a madadinta. Ban tambayi me ya kashe ta ba.

Alhamis, bayan la'asar

Bakwai. Tun da aka rufe rami ɗaya mutane suka watse, gidaje biyu wasu na tarar a ciki. Ɗaya ta koma garin Tawa. Kalilu ne ya nemo lambarta wurin 'yan garinsu, ya kira da wayarsa, ya riƙe mini a kunne. Da muka gama ya ce wannan shari'ar tamu ta fi ta masu baƙar riga sauri. Na ce ai ba ta fito da kowa ba. Ya ce tasu ma haka.

Ƙafata ta kumbura.

Lahadi, hantsi

Ban je ba yau, ban gama ba. Na aika fura ta hannun Kalilu. Ya dawo ya ce tarin ya ƙaru, an kai shi likita an dawo da shi.

Laraba, bayan azahar

Goma. Saura ɗaya, a garin Akokan.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ki sa mata Fadimata. Ba sunanta ba ne.

Na same ta tana tankaɗe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, muka gaisa sosai. Na faɗi abin da ya kawo ni tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta shiga ɗaki ta jawo tukunyar ta ajiye tsakaninmu. Ta ce ranar sunan 'yarta aka kawo ta, a ciki aka dafa shinkafar suna. A ciki ta dama mata koko, a ciki ta dafa mata ruwan wanka. Ta ce yarinyar ta rasu shekara biyu baya a likita, asibitin Agadas, tana da shekara goma sha bakwai. Jininta ne ya ƙare, ana ƙara mata yana ƙarewa. Ita kaɗai gare ta.

Na ce Allah ya jiƙanta. Na ce ba wanda ya san ko tukunyar ce, garin nan iska ma ana magana a kanta, ruwa ma haka. Ta ce haka ne, kuma ba wanda ya san ba ita ba ce. Na ce bai sani ba, wallahi bai sani ba. Ta ce ta yarda. Na ce manyan da suka bar ƙarfen ya fito su ne masu laifi. Ta ce ta yarda da wannan ma.

Ta ce, "Manyan ba zan taɓa ganinsu ba, ban san fuskarsu ba. Shi na sani. Ban yafe ba."

Ta ce in kwantar da hankalina, ba za ta kai ƙara ba, ita ba ruwanta da takarda. Za ta jira shi a gaban Allah.

Na roƙe ta. Na yi abin da Mina ta yi mini, na kama ƙafarta. Ta janye a hankali ta ce Inna tashi, kin girme ni. Ta rako ni har bakin hanya. Muna jiran kabu-kabu ta ce ke da kike yawon roƙa wa wani, naki fa, kin fara? Ta ce mijinta ya ci tuwona shekara tara.

Madam ta ce matar tana da iko ta ƙi, ba mai tilasta mata, abin da take gaya mini ke nan tun farko. Na sani. Ban ce ba ta da iko ba.

Asabar, safe

Gobe Lahadi.

Lahadi, bayan la'asar

Gardi biyu suka riƙo shi, ya zauna a kan benci yana haki. Bai bari mun gama gaisawa ba.

Ya ce, "Ka je?"

Na ce na je.

Ya ce, "Duka?"

Na ce duka.

Ya ce sun yafe? Na ce sun yafe.

Ya daɗe yana hamdala. Ya jawo kwanon ya sha furar nan fiye da rabi, gardi ya ce rabon da ya ci abin kirki tun ranar shari'a. Ya sa na ba shi labarin kowane gida, ya yi dariyar mai awaki har tari ya sarƙe shi. Sai ya ce ta Akokan fa, ya tuna ta, shi ya kai mata tukunyar da kansa a kan jaki ranar suna, har aka miƙo masa jaririyar ya yi mata addu'a. Ya ce yanzu ta isa aure. Ta yi?

Na ce ta yi.

Ya ce madalla, wa ta aura, ɗan gidan wa? Sai gardi ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi. Suna ɗaga shi yana ce mini in tambayo masa, yana so ya yi mata ɗan zobe in ya fito.

Kada ki dube ni haka, Madam. Rufe kayen.

Lahadi mai zuwa zai sake tambayata, kuma ban san sunan da zan ba mijin ba.